Filin Sukuwar Ɗanlami

"Ku ba ni hili na ƙwarai ku ga aiki! Daga Madawa har Keita babu dokin da ba shi shan ƙurar Abiyon. Ni kau da tahin ƙahwata nika auna hili. In taka shi sau guda, in gaya muku ko na sukuwa na, ko na shanyar gujiya."

Ɗanlami ke nan, mutumin Deule, yana zuba a majalisar bakin kasuwa da bulala a hannu, alhali dokin yana gida a turke. Mai karatu, in ba ka san shi ba bari in zana maka shi. Gajere ne mai tumbi, ga gashin baki da yake murzawa duk lokacin da zai shara ƙarya, shi ya sa kullum a murɗe yake. Abiyon kuwa, wato jirgin sama a bakin mutanen wajen, wani jan doki ne da ya sayo a wata kasuwar arewa. Tun ranar da dokin ya shigo gidan, awakin matarsa Cima suka shiga uku. Harawar da ta tara musu Abiyon ya cinye, dusa ma haka, har kanwa bai bar musu ba.

Da aka gama girbi garuruwa suka fara shirya sukuwa, Ɗanlami ya ɗaura sirdi ya nufi Buza. Taubashinsa Barmo ya bi shi a kan babur, don shi Barmo ko jana'iza ba ya so ta wuce shi, balle abin dariya.

Filin Buza fako ne a kan tudu. Ƙasa ce mai tauri, doki na samun abin takawa, ba ƙura, mai kallo yana ganin komai daga tashi har isa. Ɗanlami ya sauka ya buga dunduniya a ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Yawwa! Wanga shi na hili. Barmo, shirya guɗa."

Aka saki dawaki. Abiyon ya tafi yana zaɓen wurin taka ƙafa kamar amarya a cikin taɓo. Ya iso lafiya lau, amma ya tarar an gama tsere tuni, har an fara raba goro.

"Yaya, injiniyan hili?" in ji Barmo.

"Tsakuwa! Ka taɓa ganin an aza jirgi bisa tsakuwa? Mutanen Buza su ji tsoron Allah, wanga ai wurin hwasa dutse na."

Kasuwar da ta zagayo suka sauka Galma. A can filin rairayi ne, mai faɗi, mai laushi, wanda ya faɗo ba ya karaya. Ɗanlami ya damƙi rairayin ya sheƙe shi a iska, ya ce duk wanda ya zaɓi wurin nan ya san doki. Aka tashi. Tun kafin a yi nisa Abiyon ya fara huci, ƙafa na nutsewa, Ɗanlami na zabga bulala yana kiran sunan waliyyai. Mai tallan rake da ya bi gefen fili a ƙafa ya riga su isa.

"Rairai ga ba ya da mutunci," in ji Ɗanlami yana kakkaɓe rawani. "Hilin raƙuma na. Da sun hwaɗa mini da raƙumi nika zakkuwa."

Sai Keita. A nan fili a kwari yake, ga inuwar itatuwa, ga iska mai sanyi, ƙasa ba tauri ba laushi. Aibinsa ɗaya, yana da kwana a tsakiya, don dole ya kauce wa garaken mutane. Ranar kam Abiyon ya ɗan taɓuka. Amma da aka zo kwanar duk dawaki suka karkata, shi ya miƙe sak ya faɗa garkar albasar wata tsohuwa. Abin da tsohuwar nan ta gaya wa Ɗanlami ba zan iya rubuta shi a nan ba. Ta raka shi da fartanya har bakin hanya.

"Hili da kwana!" Ɗanlami ya yi tsaki. "Sukuwa muka yi ko koyon tuƙin mota?"

Da ya dawo gida ya tarar Cima ta kai bango. Tana tsaye a tsakar gida, awakinta na zagaye da ita sun rame har ana ganin haƙarƙari.

"Maigida, dube su. Wanga jan bala'in ya cinye musu rani tun rani bai zaka ba. Ko dai shi ciyo wani abu, ko a ɗaura mai amalanke shi ɗauko muna ruwa da kara."

"Amalanke? Abiyon? Cima, kin san abin da kika hwaɗi kuwa?"

"Na sani sarai. Kuma gobe ma shi zan hwaɗi."

Maganar ta soke shi ƙwarai. A ƙasar nan dokin sukuwa ya koma dokin aiki, ai mai shi ya gama ɗaga kai a majalisa. Ana cikin haka sai ga sukuwar Deule ta matso, kwamiti ya zauna neman fili. Barmo, da yake ba ya son zaman lafiya, ya ɗaga hannu.

"Ku dattawa, mi za mu wahalad da kanmu? Ga mu da gwani. Buza ba ta yi mai ba, Galma ba ta yi mai ba, Keita ba ta yi mai ba. A ba shi wuƙa da nama, shi zana muna nashi."

Ɗanlami ya miƙe, ya murza gashin baki har sai da ido ya kawo ruwa.

"Na amsa! Kuma ku shaida, in Abiyon bai zo na hwari ba bisa hilin da ni zana da hannuna, Cima ta sa shi duk aikin da taka so, ni da kaina zan kora shi."

Kafin la'asar maganar ta isa kunnen Cima, ta ce ta ji, Allah ya kai mu.

Ɗanlami ya shiga zagaya gari yana buga dunduniya a gonakin mutane, har ya dace da abin da yake nema a bayan gari, wajen rijiyar makiyaya. Rijiya ce mai zurfin gaske, hannu ba ya iya janta. Dabba ake ɗaura wa igiya ta tafi da ita can nesa. In guga ya fito, mutumin da ke bakin rijiya ya kwarara ihu, dabbar ta tsaya cak, ta juyo ta dawo. Shekara da shekaru na wannan kai da komowa sun daddaɓe hanyoyin sun yi sumul, miƙaƙƙu, ba tsakuwa ba rairayi. Ɗanlami ya zaɓi ɗaya daga ciki. A tashi daga gefen rijiya, a bi ta, a zarce har gindin wani gawo.

"Taurin Buza, laushin Galma, iskar Keita, kuma babu kwana!" Haka ya yi ta shela.

Dattijo Aliyu, shugaban kwamiti, ya ce, "To a yi ta da marece, sa'ad da makiyaya sunka gama shayarwa."

"A'a, Baba, da hantsi. Su ma makiyayan bayin Allah na, a bari su kashe ƙwarƙwatar ido."

To, mai karatu, matso in raɗa maka abin da Ɗanlami bai tambaya ba ranar ciniki, don yana can yana koya wa mai dokin yadda ake duba haƙori. Abiyon bai taɓa sukuwa ba kafin ya zo Deule. Tsohon uban gidansa raƙuminsa ne ya mutu, ya rasa abin jan ruwa, ya horar da dokin a bakin rijiya. A kan igiya ya girma.

Ranar sukuwa gari ya fito kaf. Dawaki suka jeru, makiyaya na gefe suna jan ruwansu. Abiyon ya shaƙi ƙanshin laka, ya ji kukan igiya a kan itace, ya taka hanyar nan mai sumul, sai ya ɗaga kunnuwa ya yi haniniya. Ana sakin su ya fita fit. Wallahi ni kaina ban zaci yana da wannan gudun ba. Ya bar dawakin Buza da na Galma a baya, mata suka ɗauki guɗa, Barmo ya saki baki. Ɗanlami ya ji duniya ta dawo sabuwa. Ya miƙe a kan likkafa, ya saki linzami, ya waiwayo yana kaɗa bulala.

"Barmo! Ina bakin naka? Cima! Kawo amalanken in gani!"

Daidai nan gugan wani makiyayi ya iso bakin rijiya. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, ya buɗe murya don jakinsa ya ji: "Hooo!"

Abiyon ya kafe ƙafafu huɗu a ƙasa. Ɗanlami kuwa ba wanda ya ce masa ya tsaya, sai ya ci gaba shi kaɗai ta saman kunnuwan doki, ya sauka da tumbi a cikin ƙarangiya. Dokin ya juya a natse, ya ratsa ta tsakiyar dawakin da ke tahowa, ya koma bakin rijiya ya ba da baya, yana jiran a ɗaura masa igiya.

Makiyayin ya zagaya shi yana shafa wuyansa. "Kai, wanga doki ya san aiki! Wa ad da shi?"

"Ni," in ji Cima, tana gyara mayafi. "Na hwasa amalanke. Ku ba shi harawa, ni ku ba ni nono, shi ja muku ruwa. Mai kora shi na can yana cire ƙaya, yanzu shika zakkuwa."

Rantsuwa a gaban dattawa ba ta ciyuwa. Tun daga ranar kowace safiya za ka ga Ɗanlami a kan Abiyon, igiya a baya, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Awakin Cima suka murmure. Rannan Barmo ya biyo ta wajen, ya kashe babur ya jingina.

"Injiniya, barka da sukuwa. Yaya hili?"

Ɗanlami ya gyara zama a kan sirdi, ya kai hannu ga gashin baki.

"Hili sai godiya, ɗan gajarta dai gare shi. Amma ka tambayi kowa nan, tun da ni hwara hawa bisa nai babu mahalukin da ya taɓa wuce ni."

Bai rufe baki ba sai ga wata tsohuwa mai suna Habsa a hanyar da ke kusa, a kan wata jaka mai ciki, tana jan nata gugan. Ta zo ta gota shi tana sakace, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, in ba ka iyawa ka kauce, shanu na jiran ruwa."