Ranar da Na Auna Bango da Kafaɗa

Zamanin da masaƙun Bompai ke tashe, ni na gina bangon ɗakin injin wata daga cikinsu. Aka ce injiniya zai zo duba ƙarfin kwaɓin simintina, in ya ga rauni a rushe ginin, ni kuma a sallame ni.

Ya zo da 'yar ƙusa yana kankarar simintin tsakanin bulo. Ni da na gaji gini, a auna ni da ƙusa?

Na ce, "Ranka ya daɗe, matsa ka ga gwajin maza."

Na naɗe wando, na ja da baya, leburori na yi mini kirari da Guduma, na kwaso da gudu na maka wa bangon kafaɗa. Wani abu ya ce ƙas! Injiniya ya duba bango, lafiya lau. Sai aka dubo ni.

"Aikinka ya yi, Malam," in ji shi, yana share hawayen dariya.

A baro aka kai ni wurin maɗori, ina ɗaga hannu mai lafiyar kamar ɗan damben da ya yi kisa.

Masaƙar ta rufe tuni, bangona na tsaye. Har yau in na gifta majalisa sai wani ya ce, "Guduma, mun yi sabuwar katanga, yaushe za ka zo awo?"