Tseren Keke da Gwadon Suruki

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar tseren keke na Madawa ba, can ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ina saurayi mai ji da ƙafafunsa. Kafin mu kai ga abin kunyar, bari in fara da na alfahari, don ni ba a raina mini keke. A zamanin nan, daga Madawa har Buza babu mai taka feda kamata. Ba ni na faɗa ba, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, su ne suka faɗa, waɗanda nake wucewa a hawan dutse suna leƙowa suna zagina.

Gyaran keke nake yi a bakin kasuwa, kuma keken tserena da hannuna na haɗa shi. Gangar jikin ta wani tsohon keke ce da wani bature malamin lakkwal, wato makarantar boko, ya bari da zai koma gida, ƙafafun daga wani wuri, sarƙar daga wani wuri, kan kuwa lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Na shafe shi da shuɗin fenti. Har kayan tsere na tono cikin gwanjo: riga mai kama jiki, da wani ɗan wando da ake kira kilot, wanda iyakarsa rabin cinya. (A madubin wanzami na duba kaina, kuma wallahi a lokacin gani na yi na yi kyau.)

A shekarar nan ina neman Rabi, ɗiyar Malam Nomau, manomin albasa a wani ƙauye cikin kwarin da ke kan hanyar Buza. Rabi na so na, ni kuwa ba a magana. Amma tsohon ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Kawuna ya yi ta sintiri, kullum amsa ɗaya yake dawowa da ita: a yi haƙuri, ana dubawa. Abin da ya iso kunnena shi ne wai tsohon ya ce ƙaton da ke yini yana wasa da keke, bai tabbata ya san girman manya ba. Maganar ta ƙona mini rai ƙwarai. Saboda haka da sarkin samari ya sa aka yi shelar tsere ranar bikin ƙasa, aka ce hanyar za ta ratsa kwarin su Rabi, na ce to, ga ranar da za a san keke ba wasa ba ne. Na aika mata ta fito bakin hanya ta ga aiki. Tsohon kuwa na san ranar kasuwar Buza ce, kuma ba ya fashinta, don haka ban sa shi cikin lissafi ba.

Da hantsi aka jera mu gaban ofishin sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin. An zo daga Buza, an zo daga Keita, har da wasu dogaye daga Ibohamane. Cikinsu mutum ɗaya ne nake shakka, Ila ɗan Buza, wani siriri mai bakin tsiya da ƙafafu kamar muciya. Wanda ya zo na ɗaya rediyo za a ba shi. Jandarma ya busa usur, muka fyalla.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan bisa keke ba, an bar shi a baya. Kana barin kwalta sai jar hanya, ka yi ta hawa cikin baƙaƙen duwatsu har numfashinka ya koma na jaki. Kana kai ƙoli sai kwarin ya buɗe a ƙarƙashinka, kore shar, gawo da goriba a tsaye, garaken albasa a jere, masu ban ruwa na jan guga. Daga nan sai gangara, ka saki feda iska ta yi maka kiɗa a kunne, ka shige tsakanin layukan dogon yaro da ma'aikatan daji suka sa aka dasa, inda aka hana sara da kiwo, har zabin daji sun samu sake suna tsallaka hanya ba tsoro. Ni wannan hanya na san ta kamar yunwar cikina, don kowace Juma'a ita nake bi zuwa zance.

A tafiya na hango Rabi da ƙawayenta gindin wani gawo. Na miƙe tsaye bisa feda, na wuce kamar ban gan su ba, wata ta rangaɗa guɗa. Kaina ya ƙara girma. A wata babbar tsamiya ake juyawa, inda ake ɗaura wa kowa jan zare a kan keke, shaidar ya kai. Ni aka fara ɗaura wa. Da na juyo, sai da na yi tafiya mai kyau kafin in yi kiciɓis da Ila yana zuwa, harshe waje. Na ɗaga masa hannu, na ce ya gaida tsamiya.

Akwai wuri ɗaya da hanya ke tsallaka busasshen gulbi, an zuba siminti, ƙunci gare shi, mota ɗaya ke wucewa. Ina gangarowa da gudu sai na hango jaki a tsaye a gefen simintin, da dattawa uku. Na tsakiyar, da farin gemu da gwado a kafaɗa, Malam Nomau ne.

Kun dai san yadda abin yake. Suruki ba a gaishe shi a tsaye, balle bisa keke, balle da takalmi a ƙafa. Ni ban taɓa zuwa gabansa ba sai da riga har ƙasa da hula, ko ƙaurina bai taɓa gani ba. Shaiɗan ya raɗa mini in sunkuyar da kai in wuce, gobe in rantse ba ni ba ne. To, amma shuɗin keke mai ƙahon rago guda nawa ne a ƙasar Adar? Ina cikin wannan shawara hannuna ya riga ya damƙe birki.

Na sauka, na jingine keke, na tuɓe takalma, na durƙusa. A nan na gano wani hali na kilot da mai gwanjo bai gaya mini ba: in ka durƙusa, sama yake gudu. Na kama bakin riga ina ja don ta rufe gwiwa, ta ƙi, ita ma ƙanwar kilot ɗin ce.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau, yaro. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Ƙaƙa gida? Ƙaƙa tsohonka? Ƙahwar tsohuwarka ta yi sauƙi?"

Haka ya bi dangina ɗaya bayan ɗaya, a natse, har da wata gwaggona ta Keita da ni kaina na manta tana da rai. Ya gama, na juya ga dattawan biyu, su ma kowa da nasa jerin. Ina tsakiyar "sai godiya" na ji ƙarar sarƙa a bayana. Ila ne. Ya ratsa ta gefenmu, ya ce, "Sannu da hutawa, ango," ya wuce. Bayansa wani, bayansa wasu, kowa ya waiwayo ya kalli cinyoyina. Hawaye ne kawai ban yi ba.

Sai tsohon ya gyara tsayuwa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, mi ya same ka bisa hanya? Ina wandonka?"

Na ce, cikin ƙaramar murya, "Baba, shi ne wanga."

Ya daɗe yana kallonsa. Ya juya ga na damansa ya ce, "Wai shi ne wanga." Wancan ya girgiza kai ya ce, "Tela bai ƙarasa ba." Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Malam Nomau ya sauke gwadon kafaɗarsa ya miƙo mini. "Amshi ka ɗaura, ɗiyan mutane na bisa hanya. Kada ka kwance sai ka kai gida."

Na ce to. Me zan ce? Na ɗaura gwado a ƙugu kamar mace za ta rijiya, na ɗauki takalma a hannu, na tura keke a ƙasa har na ba su tazarar mutunci, sannan na hau.

Za ku ce ai da na sha kwana sai in kwance. Na yi tunanin haka. Amma na riga na ce to, kuma kwarin nan duk mai jan guga ɗan'uwansa ne. Na tattare gwadon tsakanin cinyoyi don kada sarƙa ta ci, na sa kai ƙasa, na fara taka fedar da ban taɓa taka irinta ba. Haushi ne ke tuƙa ni. A hawan dutse na dinga tsince su ɗaya ɗaya, iska ta cika gwado ta baya yana fal-fal. Wani ɗan Ibohamane da na wuce dariya ta kama shi har ya sauka daga keke. Kafin kwalta saura Ila kaɗai a gabana. Na matse shi har ina jin numfashinsa, amma hanya ta ƙare kafin ƙarfina ya ƙare. Ya shiga na ɗaya, ina manne da ƙafar kekensa ta baya. (Har gobe ina cewa da an ƙara mana tsawon garka ɗaya, da labari ya sha bamban.)

Duk Madawa na wurin. Mai shela ya ɗaga lasifika ya ce, "Ta biyu kuma, wata baiwar Allah ce." Filin ya kece da dariya, makaɗa suka juya kiɗa zuwa na kai amarya. Sufurefe ya miƙo mini hannu yana cizon leɓe, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye, gumi na zuba, hannu ɗaya riƙe da keke, ɗaya riƙe da ƙullin gwado, don ban kai gida ba tukuna. Daga ranar sunana ya ɓace a kasuwa, sai Mai Gwado.

Na yi kwanaki ban buɗe rumfa ba. A raina na gama cewa Rabi ta kuɓuce mini, don wa zai ba da ɗiyarsa ga wanda ya gani rabi tsirara, gari kuma ya mayar abin dariya? Na sa aka wanke gwadon, na ba kawu ya mayar, ban ko iya haɗa shi da saƙo ba. Da la'asar ya dawo ya same ni kwance, ya zauna, ya sha ruwa, ya ja mini rai yadda ya ga dama, sannan ya faɗi abin da tsohon ya ce:

"Yaron da yad diro mani bisa keke ana kora tai, kuma yak kai gwadona har gaban sufurefe bai kwance ba, na ba shi. Ku zo a sa rana."

Sai bayan biki Rabi ta gaya mini sauran. Ashe tun da saƙona ya iso gidan tsohon ya ji. Ranar ya fasa kasuwar Buza, ya kira abokansa biyu, ya kora jaki zuwa bakin gulbi tun da safe, suka laɓe har muka wuce, sai da za mu dawo suka fito. Gwadon ma sai da ya sa aka ciro masa daga ƙasan adaka, wanda ya fi kowane faɗi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga suruki tsaye a hanya mai ƙunci, ba wucewa zai yi ba, kai yake jira. Yanzu ƴan matan gidana sun tasa, samarinsu da babura suke zuwa, da wanduna a yayyage a gwiwa. Ban ce da kowa komai ba. Na dai sayi gwado na ajiye.