Ranar da Aka Sauke Dokta Magaji Tare da Kifi

A Yelwa, in za a ambaci manyan masana, da Dokta Magaji ake farawa. Shi ma da kansa yake farawa. Sai dai mutanen gari, da rashin godiyarsu, ba su riƙe komai daga tarihinsa ba sai ranar da aka sauke shi daga jirgin ruwa tsakanin kwandunan busasshen kifi, baki buɗe, yana minshari.

Doktancin nasa ba makaranta ce ta ba shi ba. Tela ne ya ɗinka masa shi, fari tas, har gwiwa. Kemis ɗinsa na bakin kasuwa, kuma 'yan kabu-kabu na kiransa Dokta Sai-da-Safe, don ko ciwon haƙori ka kai masa sai ya haɗa maka da ƙwayar barci.

Ilimi kam akwai shi. Ka tambaye shi maganin tari, ya gyara tabarau, ya ba ka tarihin ƙwayar barcin.

"Wanga abu ba na jahilai ba ne. Da can Turawa da wani ruwa mai ɗaci suka fara. Sannan suka yi ƙwayar da in ka ƙara kaɗan bisa ƙa'ida, sai dai a yi maka salla. Ta yanzu ta fi sauƙi, amma tana kama mutum kamar ƙugiya. Haɗari gare ta, malam!"

Yana gamawa sai ya ƙulle maka ita a leda, ba takardar likita, ba tambaya. Dogo masunci ya sha da asuba don ciwon baya, ya gyangyaɗa cikin kwale-kwale har ya faɗa ruwa, da ƙyar aka jawo shi. Inna Dudu mai ƙosai ta kai ba ta runtsawa sai da ita. Dokta ya ce wannan shaida ce maganinsa ba jabu ba ne.

Babbar hikimarsa ita ce ɓare ƙwayoyi daga kwalayensu ya zuba a gwangwanayen madara marasa suna, kada wani ya karanta ya tafi saye wurin wani.

"Ni da ido nake gane su. Fara ƙarama, fara babba, fara mai tsaga. Baiwa ce."

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: rawani. Mai garin wani tsibirin masunta ta wajen Ngaski ya ce zai naɗa Sarkin Magani ranar kasuwarsu. Masu nema biyu ne, Dokta da wani Lawali daga Shanga, wanda Dokta ke kira mai talla a faranti. An riga an raɗa wa Dokta cewa rawanin nasa ne, ya dai zo ya yi jawabi ya durƙusa.

To, ga abin da farar riga ke ɓoyewa: Dokta a bakin ruwa aka haife shi, amma in jirgi ya motsa cikinsa ma sai ya motsa. Sarki kuwa ba ya iso wa talakawansa da amai a gaban riga. Ranar kasuwar da safe, yana sauri, ya zura hannu a gwangwani ya ɗauko maganin amai, fara ƙarama, guda biyu. Ya leƙa waje ya ga iska na kaɗawa, ya ƙara ɗaya.

A jirgi ya miƙe tsaye yana gwada jawabinsa kan fasinjoji. Ya kai kan Turawa da ruwa mai ɗaci, sai ya zauna. Ya kai kan ƙugiya, sai ya jingina da buhun gero. Bai kai kan haɗarin ba.

A tsibiri makaɗa na jira, rawani na kan tabarma. Benjamin direban jirgi ya girgiza shi.

"Dokta, mun iso!"

"Biyu bayan abinci," in ji Dokta, ya juya.

Aka yayyafa masa ruwa, aka kaɗa masa kalangu a kunne. Halima mai fataucin kifi ta kara hannu a hancinsa ta ce da ransa, a bar bawan Allah. Mai gari ya jira har la'asar, ya ga rawani ba ya naɗuwa a kan da ke kwance, ya kira Lawali. Da yamma Halima ta jera kwandunanta kewaye da Dokta don kada ya gangara, aka dawo da kaya Yelwa.

Kwana biyu kemis na rufe. Ran da ya buɗe, farar rigar na ɗan ƙarnin kifi, Dogo ne ya fara zuwa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, 'yan kabu-kabu suka kashe injin suna kallo.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Barci! Ina gajiya? Mi ka gano muna a tsibiri?"

Dokta ya gyara tabarau, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Jahilci dai bai yi ba. Wa ya ce maka barci na yi? Gwaji na yi. Kun ga hwa maganina na aiki." Ya jawo gwangwani, ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙawa. "Kai Dogo, idonka ya fi nawa. Wagga fara ƙarama ce ko babba?"