Na Baya Sun Ƙi Magana

Ku matso ku ji wannan. Wani ne ya je ya kinkimo kayan sauti irin na gidan sinima: inji guda, sifika biyar, da wata ƙatuwa mai kamar akwati wadda ba ta da aiki sai gurnani. Ba don son kallo ya saya ba fa. Yayan matarsa ne ya ishe shi. Duk sanda suka je gidan Yaya sai ya kunna nasa, ya ƙure murya, ya ce, "Kai har yanzu da 'yar talabijin ɗin nan taka mai muryar sauro kake fama?"

Mai shago ya ce bari ya haɗa shi da wanda zai je ya jona masa. Gogan naka ya ce Allah ya kiyaye, wayoyi ne fa, ba tiyata ba. Ko kwalin bai fasa ba ya kira Yaya.

"Ranar Asabar da yamma ka zo. Ka taho da kunnuwanka duka biyu."

Yaya ya ce, "Kai za ka haɗa? Da hannunka? To wallahi ko ba ni da lafiya sai na zo."

Ya baje wayoyi a falo har babu wurin taka ƙafa. Ya jona nan, ya cusa can, ya kafa sifika biyu a bayan kujera, gefen ƙofar shigowa. Ya kunna. Ta tsakiya ta kama magana, na gefe suka kama kiɗa, ƙatuwar ta kama gurnaninta. Na baya kuwa tsit. Ya kara kunne, shiru. Ya ɗan mammare su, shiru.

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, ka ƙyale su mana. Baƙi ne, ƙila kunya suke ji."

Bai kula ta ba. Hankalinsa na kan Asabar. Ya san idan Yaya ya zo ya tarar da biyun nan bebaye, to ya samu abin faɗa a cikin dangi har tsufansa. Ya lalubo lambar mai gyaran rediyo.

"Malam, an cuce ni. Sifika biyun baya sun ƙi magana."

Mai gyara ya ce, "Ƙila ka sa ja a gurbin baƙi. Juya su."

Ya ajiye waya, ya je ya kama sifikun ya juya su suka kalli bango. Ya dawo yana haki.

"Na juya."

"To, yaya?"

"Abin ya ƙara lalacewa. Da shiru kawai suka yi, yanzu har baya suka ba ni."

Mai gyara ya ja dogon numfashi. "Wayoyin na ce ka juya, bawan Allah, wayoyin! To ji nan. A cikin kwali akwai wani ɗan makirfo. Jona shi, ka sa shi daidai kunnenka a inda kake zama. Injin zai auna ɗakin da kansa. Amma fa ba ya son motsi. Ko tari kada a yi."

Ai kuwa gida ya shiga uku. Ya kora yara maƙwabta. Ya kashe fanka, ya kashe firiji, ya cire batirin agogon bango. Ya ce wa matarsa ta ajiye ludayi ta tsaya yadda take. Shi kuma tunda an ce daidai kunne, sai ya samo ƙyalle ya ɗaure makirfon a kunnensa tamau, kamar mai ciwon haƙori. Ya zauna ƙiƙam, gumi na bin wuyansa.

Inji ya fara bin sifikun ɗaya bayan ɗaya: shuuu, shuuu, shuuu. Saura kaɗan ya gama, sai cikin mutumin ya ce ƙululuuu. Inji ya tsaya, ya rubuta wai akwai hayaniya a ɗakin.

Ya harari matarsa. "Ke ce ko?"

"Ni? Ciki dai naka ne, tun safe ka ƙi cin abinci."

Aka sake. Wannan karon ya danne ciki da filo, ya riƙe numfashi har idanunsa suka fito. Allah ya taimake shi inji ya gama. Ya kunna labarai da rawar jiki. Na baya tsit!

Ya sake kiran mai gyara, murya kamar zai yi kuka. Mai gyara ya ce, "Kai, wa ya ce maka magana suke yi? Aikinsu abin da ke faruwa a bayan mutum ne: ruwan sama, takun ƙafa, buga ƙofa. Sa fim ka gani. Kuma don Allah ka bar ni in yi aikina."

Ya sa fim. Can sai ya ji yaaa a bayansa. Ya zabura.

"Maman yara, shanya! Ruwa ya sauko!"

Ya yi waje da gudu ba ko takalmi, ya tarar da rana ƙwal, ko ɗigon gajimare babu. Ya dawo ya zauna yana muzurai. Bai gama zama ba aka buga ƙofa, ƙwan ƙwan ƙwan. Ya miƙe, ya gyara riga, ya buɗe da fara'arsa, har da "Maraba, maraba." Babu kowa. Da kare ya yi haushi a bayan kujera kuwa, sai ga mutum a tsugune kan hannun kujera yana salati.

Matar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Wallahi sai na ba Yaya labarin nan."

"Ki rufa mini asiri! Ai yanzu na gane su. Daga yau ko gini ne ya faɗi a bayana, in na waiwaya ki canza mini suna."

Asabar ta zo. Tun azahar ya yi wanka, ya sha turare, ya sa fim mai harbe-harbe, ya ƙure murya don Yaya ya jiyo tun daga bakin titi. Ya harɗe a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Matar tana kicin.

Ƙwan ƙwan ƙwan.

Ya yi murmushi. "Ku yi ta bugawa."

Ƙwan ƙwan ƙwan! "Salamu alaikum!"

Ya gyaɗa kai. "Kai, masu haɗa abin nan sun iya aiki. Har da sallama."

"Wai ba kowa ne a gidan? Kai, zo ka buɗe mana!"

Mutumin ya fashe da dariya, ya ɗaga murya yadda matarsa za ta ji. "Maman yara, zo ki ji ikon Allah! Wani ne a fim ɗin nan, muryarsa sak ta yayanki. Irin muryar nan tasa mai kamar an taka agwagwa!"

Ashe ƙofar ba a kulle take ba. Yaya ya gaji da tsayuwa ya turo ya shigo, ya tsaya a bayan kujera, ya riƙe ƙugu.

"Wa ke da muryar agwagwa?"

Gogan ko gezau. Idonsa na kan talabijin ya ce, "Ji shi, har da amsawa. Kai mana, sarkin surutu, mai ƙaton kai! Mutum sai cika baki, a gayyace shi kuma ya kasa zuwa a kan lokaci."

Matar ta fito da gudu, ta ga yayanta, ta dafe ƙirji. Ta buɗe baki za ta yi magana, Yaya ya ɗaga mata hannu. Ya naɗe hannun riga a hankali, ya dunƙule yatsu, ya sauke wa mutumin ranƙwashi a tsakiyar kai, ƙwas!

Mutumin ya dafe kai, hawaye ya cika masa ido. Amma bai waiwaya ba. Ya miƙa hannu gefe ya ce:

"Maman yara, ba ni rimot in rage na bayan nan. Sun fara duka."