Rabin Layin da Ya Kusa Rufe Mini Shago

Jama'a, ku taya ni murna, kuma daga yau duk mai gaishe ni ya ɗan rusuna. Ranar Litinin ni mai shagon buga takardu ne, kwamfuta biyu da firinta ɗaya mai yawan tari. Kafin Juma'a na zama mai kamfanin tarho. Ba ni na faɗa ba, hukuma ce ta rubuta ta buga hatimi.

Takarda aka liƙa mini a ƙofa, wai in ban sabunta lasisin intanet ɗin shagona kafin azahar ɗin Juma'a ba, za a garƙame shi da kwaɗo. Shagon nan shi ne tukunyar gidana, don haka da sassafe na isa ofishin hukumar. Shugaban ofishin, Mai Girma Uban Hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya miƙo mini fom ɗin da ya yi ja don tsufa. Tambaya ta tara ta ce: layukan tarho nawa ne a wurinka?

"Ranka ya daɗe, ba ni da tarho," na ce. "Intanet ne, megabit ɗari."

"Fom bai san megabit ba, layi ya sani. Je ka mayar da shi layi ka dawo."

Na tambayi yadda ake mayarwa. Ya ce aikin wani sashe ne, kuma an rushe sashen tun kafin a ɗauke shi aiki.

To, da tsohuwar zuma ake magani. Maƙwabcina Baba Mai Tsani ya shekara talatin yana hawa turakun waya kafin ya yi ritaya. Da ya ji tambayata sai ya miƙe zumbur, ya manta da ciwon gwiwarsa.

"Ɗana, shekara ashirin ke nan ina jiran wani ya yi mini tambayar nan. Layi ɗaya kilobit sittin da huɗu yake ɗauka. Layi talatin da biyu su ne dami guda, shi muke kira E1. Naka kilobit dubu ɗari ne. Raba mu gani."

Muka raba a bayan kwalin sabulu. Layi dubu ɗaya da ɗari biyar da sittin da biyu da rabi, wato dami arba'in da takwas da 'yan kai. Baba ya cire hula ya dube ni.

"A zamaninmu dami huɗu ne ke riƙe da garin nan, har da asibiti da tashar jirgin ƙasa. Kai kuma kana zaune a kan arba'in da takwas kana buga katin gayyata."

Washegari na koma ina taƙama. Uban Hatimi ya duba lissafin, ya ɗora biro a kan rabin.

"Wannan fa? Wa zai yi magana a rabin layi, mai kira ko mai amsawa?"

"Ranka ya daɗe, na bar muku shi kyauta."

"Cin hanci kake so ka ba ni da rana tsaka?"

Aka kafa kwamiti. Kwana biyu bayin Allah nan suna zaune a babban otal, suna fama da rabin layina da soyayyun kaji, ni kuwa ina gida ina ƙirga kwanaki. Dole a yaba musu, ba kowa ke iya wannan sadaukarwa ba. Ranar Alhamis suka cika rabin ya zama ɗaya. Sai kuma aka gano dokar da ta ce duk mai layi sama da ɗari biyar ya wuce shago, cibiyar tarho ce. Aka ba ni takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe. Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tunda layukan sun yi mini yawa, in riƙa amsa kiranta mana.

Ana wata ga wata. Ashe lasisin ba ya aiki sai an tura shi hedikwata ta intanet, kuma intanet ɗin ofishinsu tun ranar da aka yanka masa ƙyalle bai sake numfashi ba. Safiyar Juma'a sai ga Uban Hatimi a ƙofar shagona, fayil a hammata, mai kwaɗo na biye da shi, wai in tura lasisin da intanet ɗina. Ya tarar da wata baiwar Allah tana buga sakamakon jarrabawar 'yarta, ya zauna a benci yana duba agogo yana share gumi. Ni ma gumin nake yi, amma wallahi na ji daɗin ganinsa a bencin nan. Saura minti goma azahar na danna, saƙo ya tafi. Mai kwaɗo ya mayar da kayansa aljihu, da ka gan shi ka ga wanda aka hana wa rabonsa.

Da zai fita, Mai Girma ya matso kusa da kunnena ya rage murya. Wai tunda Allah ya hore mini, ko zan taimaka wa ofishinsu da layi ɗaya?

Na gyara zama, na ce zan duba. Ku da kuka san ma'anar "zan duba" a bakin manya, in kun haɗu da shi ku ba shi haƙuri.