Falle Ɗaya Ya Rage wa Cindo Mai Hoto

"Lafiya lau, angona. Ya ruwa? Ashe har yanzu kana nan da ranka."

"Ina nan daram, amarya. Sai na ga furfurarki zan tafi. Ya mutanen Gumel? Har yanzu ba su gaji sun koro ki ba?"

Haka Murja da kakanta Cindo Mai Hoto suka gaisa a gindin gawon gonarsa da ke bayan Ɗanzomo, da hantsin wata Laraba a farkon daminar 1998. Ruwan fari ya sauka shekaranjiya. Gawo ya kaɗe ganyensa kamar yadda ya saba yi da zarar sauran itatuwa sun fara toho, shamuwa kuwa sun cika rassansa da sheƙa. Su aka zo ɗauka. Ofishin dashen itatuwa da Murja ke wa aiki a Gumel zai buga kalandar baɗi, ana son hoton gawo da shamuwa a shafin farko, ko manoma sa daina sare shi. Aka ba ta sabuwar kyamarar ofis, wadda ba ta cin fim sai faifan kwamfuta. Da labari ya iso Ɗanzomo, tsohon ya aika mata cewa kada ta wahalar da kanta, hoton nan nasa ne. Bai tsaya nan ba, sai da ya shelanta wa majalisar ƙofar masallaci cewa baɗi sunansa zai rataya a bangon kowane ofis daga Maigatari har Gagarawa.

Abin da majalisa ba ta sani ba, Murja ta sani, don ta biya ta gida kafin ta fito gona. Kakarta Iya Sabuwa ta ja ta ɗaki, ta nuna mata hotuna shida da ya wanke bara ya cusa ƙarƙashin katifa. Duka dishi-dishi, ba ka rabe mutum da kututture. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, shi kuwa ya kafe a kan fim ɗin zamani ne ba shi da albarka. Fim ɗin ma ya ƙare. Shagon da ke sayar da irinsa a Kano ya koma sayar da fanka, saura falle ɗaya tak da ya naɗe a leda ya ɓoye bayan randa, shi ya ɗauko yau. In ya fito irin na bara, mutumin da ya shekara arba'in ana ji da shi zai rufe sana'arsa da abin dariya. Murja tana son tsohon nan ƙwarai, ta kuma san halinsa. In ya ji ƙamshin tausayi ko daga nesa, to an gama magana. Da tsiya kawai ake shigarsa.

Ta zagaya akwatin nasa tana taɓe baki. Ƙato ne na katako, da wuya irin na zugazugin maƙera, tsaye a kan ƙafafu uku, an lulluɓa masa baƙin mayafi.

"Yau kuma akurkin kajin Iya ka ɗauko?"

"Gyara bakinki. A Damagaram na saye shi hannun wani Bafaranshe, lokacin uwarki tana yawo ba ɗankwali. A kamyo, babbar motar kaya, na taho da shi, shi a gaba kusa da direba, ni a baya kan buhun wake."

"Bafaranshen nan jujin da zai yar da shi yake nema, Allah ya haɗa shi da kai."

"Ke kuma mene ne wannan a wuyanki? Gwangwanin kifi?"

Ta yi masa bayani tana yanga da gangan. Ta ce faifai ɗaya yana cin hoto kusan ashirin, kana dannawa kana gani a ɗan gilashin baya, wanda bai yi ba ka goge ka sake. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya miƙa hannu ya ce ta ba shi guda ɗaya ya sa a aljihu. Ta ce ai ba nan take ba, sai an kai faifan ofis an sa a kwamfuta, in akwai wuta.

"Wato hoton yana nan, amma babu shi."

"Yana ciki mana."

"Ni ma raƙumana ɗari suna ciki. Ranar da aka kawo wuta zan nuna miki su." Ya gyara hularsa. "Hoto ashirin a kan bishiya ɗaya. Wannan ai watsa wa kaji tsaki ne. Ni sau ɗaya nake dannawa."

"Don iya nan ƙarfinka ke kaiwa."

"Ni? Na taɓa ɗaukar barewa tana gudu a dajin Gagarawa. Da ta hango akwatin nan, tsayawa ta yi ta gyara wuya."

"Tausayinka ta ji. Ta zaci gurgu ne mai ƙafa biyar."

Ya yi mata daƙuwa, ya cusa kai cikin baƙin mayafin ya duƙa, ba abin da ke waje sai bayan rigarsa da siraran ƙafafu. Ta tambaye shi ko zazzaɓi ne ya kama shi yake sirace. Daga ciki ya ce zazzaɓin aurenta ne, shekara ashirin da biyar ba magani. Tana dariya ta ɗaga kyamararta ta ƙyasta shi a haka. Da ya fito yana share gumi, ta kai masa ɗan gilashin dab da fuska, ta ce ya ga aikin zamani.

Ya ƙura ido. Ya matso da shi, ya nesanta, ya sake matsowa.

"To ga irinta nan. An aike ki ɗaukar shamuwa, kin ɗauko jakin mutane."

"Angona, kai ne."

"Ƙarya kike."

"Ga hularka nan ta faɗo a ƙasa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma dariyar iya baki ta tsaya. Ta ga yadda farin abin ya kwanta a kan ƙwayar idonsa, ya fi yadda Iya ta kwatanta. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce laifin gwangwanin ne, wanda duk ya shiga ciki sai ya fito da kunnuwa. Ya buga gefen akwatinsa, ya ce nasa saitin ya gama, tangaran, har ƙwarƙwatar da ke jikin shamuwa yana gani. Ya sunkuya zai ɗauko farantin da fallen fim ɗin ke ciki.

In farantin nan ya shiga, shi ke nan. Murja ta yi maza ta tari gabansa.

"Ni fa ban taɓa yarda akwai wani abu cikin akwatin nan ba."

"Me kika ce?"

"Tun ina goye kake hana kowa leƙawa. Na gane dalili. Goro kake ɓoyewa a ciki, kana shiga ka ci don kada Iya ta gani."

"Goro?"

"Ko barci. Yanzu ma na ji minshari."

Nan ta taɓa shi inda yake masa ciwo. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa shiga mayafin nan sai shi, hakimi ma ya roƙa ya hana. Amma a ce masa akwatinsa rumbun goro ne, wannan ba zai haɗiye ba. Ya ɗaga gefen mayafin da yatsa biyu, ya ce ta shiga da bisimilla, kada kuma ta taɓa komai da wannan hannun nata na ɓarin miya.

Ciki duhu da zafi, sai warin tsohon yadi da turarensa. A kan gilashin bayan akwatin ga gawo nan, saiwa a sama, rassa a ƙasa. Sai dai ba reshe ko ɗaya da ya fito sosai, komai ya narke cikin ɗan'uwansa. Hoton bara ne sak yake jiran a danna. Ta gode wa Allah da mayafin ya rufe mata fuska.

"Angona, bishiyar taka a kife take. Shamuwa sun koma jemagu."

"Haka duniyar take. Akwatina ne kaɗai ke faɗin gaskiya."

"To gaskiyar taka kunu ce. Kunun kanwa nake gani, ba gaya."

Ta ji shi ya daina motsi, har kukan 'ya'yan shamuwa ya fito fili. Ta san in ta bar shirun nan ya yi tsawo, tsohon zai naɗe kayansa ya tafi gida, ba kuma zai sake fitowa da su ba.

"Wataƙila idona ne," ta ce. "Kwamfutar ofis ta cinye shi. Kai da kake cika baki, murɗa kunnen akwatin mu gani ko zai iya gyara idon amarya. Na san ba zai iya ba."

Can ta ji hannunsa ya lalubo kunnen da ake murɗawa a saita.

"Idon akuya ma ya gyara, balle naki."

Ya murɗa. Ta ce ya ƙara dagulewa, yanzu fura ce da aka dama da ruwan rijiya. Ya ce ita ta dama ta. Ta ce ya koma baya, in ya san baya. Ya koma a hankali, don hannunsa bai manta komai ba. Rassa suka fara rabuwa da juna. Ƙaya ta fito. Sheƙa ta fito, kara-kara, har da wani jan tsumma da tsuntsayen suka sato daga shanyar wani.

"Kaɗan kuma. Ka wuce, mai gaggawar tsiya. Dawo. Tsaya nan, kada ka ƙara."

"Me kika gani?"

"Wani tsoho na gani a bakin sheƙa, dogon wuya, ƙafa kamar sillen kara, ya sha kunu shi kaɗai. Ɗan'uwanka ne?"

"Gashin fuka-fukinsa fa?"

Wannan tambayar ba wasa a cikinta, ita ma ba ta sa wasa a amsar ba.

"Ɗaya bayan ɗaya, Kaka. Ina iya ƙirga su."

Ta fito tana haki, ɗankwali a karkace. Bai dube ta ba. Ya ɗaure kunnen akwatin, ya rufe idon gilashin, ya zura farantin, ya zare murfinsa, duk cikin natsuwar da ta sa Murja ta ji kunyar gwangwanin da ke wuyanta. Ya riƙe 'yar robar da ake matsawa, ya ɗaga kai sama. Saura abu ɗaya. Akwatin nan ba ya son motsi, dole sai tsuntsayen sun natsu, shi kuwa daga inda yake ba ya rabe tsuntsu da reshe.

"Amarya, tunda ba ki da aikin yi, me dangin naki suke ciki?"

"Uwar tana ba 'ya'ya abinci. Ɗan'uwan naka yana susa."

"Mara kunya."

"Wata ta sauko. Tana gyara zama. Dakata, iska ta taso."

Suka dakata. Hannunsa na kan roba, idonta na kan gawo. Iska ta wuce, reshe ya tsaya. Shamuwa bakwai suka miƙe wuya lokaci ɗaya suna kallon gabas, inda hadari ke haɗuwa.

"Yanzu."

Ƙyas. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba. Ya mayar da murfin farantin, ya zare shi, ya rungume a ƙirji. Sannan ya zauna a kan saiwar gawon, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Murja ta ɗaga kyamararta ta yi ta ƙyastawa, don ofis ba zai karɓi labari ba. Ta duba ɗan gilashin, shamuwan sun fito ƙanana kamar ƙuda a bakin ƙwarya. Ta faɗa masa haka, ta ce in nasa ya fito za ta kai wa shugabarsu da hannunta, amma kada ya sa rai, don ba a saba buga aikin 'yan sirace ba.

Yana ta shafa farantin da babban yatsa.

"Sabuwa ce ta nuna miki na ƙarƙashin katifa ko?"

"Wace katifa? Ni goro na shiga nema."

Ya kalle ta da idanun nan masu yana, sai ya fashe da dariya, irin wadda ke fitowa da tari da hawaye tare. Ya ce tun bara gawo biyu yake gani a gonar nan, yana ta murna Allah ya ƙara masa bishiya. Ta ce to ya shirya, ranar Litinin za ta kai shi Kano a cire masa ɗaya. Ya ce zai je, amma ba don ta isa ba, don dai ya ga munin matar da ya aura da kyau.

Ya miƙe, ya yaye baƙin mayafin daga kan akwatin, ya kakkaɓe shi, ya ninke biyu ya ɗora mata a kafaɗa.

"Riƙe. Kin ci. Amma in mutanen majalisa suka tambaya, da idona na ɗauka."

"Kai, angona, ƙarya da furfura?"

"Ina ƙaryar take? Ni na ba uwarki aronsa, ita ta ba ki. Yau na karɓi abina."