Yadda Za Ki Haɗa Rumbun Hargitsi da Injin Bincike Ba Tare da An Sallame Ki Ba

Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari injin binciken da kuka girka a kwamfutar ofis zai riƙa zaƙulo kaya daga rumbun bayanan da ba shi da tsari, kujerarki kuma ba za ta koma hannun ƙanin matar Oga ba. An gwada a kan mutum mai rai. A kamfanin sayar da kayan gyaran injuna take, suna ce mata Digiri, kuma ba don yabo ba.

1. Karɓi aikin da fara'a

Watannin gwajin Digiri na dab da ƙarewa Babban Injiniya ya zo ya jingina da teburinta.

"Ƙanwata, ɗan ƙaramin aiki ne. Injinmu na tattaro sakamako daga ko'ina, rumbunmu kaɗai ya rage. Haɗa mana, Oga zai zo ya gani."

Shi kansa ya daɗe yana kewaye aikin kamar kwata. Ta ce, "An gama, Yaya." Ke ma haka za ki ce. Kuka a banɗaki ake yin sa, famfo a buɗe.

2. Leƙa rumbun, ki haɗiye zagi

Rumbu marar tsari ba ya tambayar kowa komai, abin da aka jefa masa shi yake riƙewa. Mai sito yana shigar da kaya da inda ya ajiye su: "bayan ƙofa, ƙarƙashin matacciyar fanka." Direba kuma yana shigar da su da wanda ya kai wa: "mai gemu na kusa da gada." Akanta kuwa lamba zalla, ko sallama babu.

3. Kada ki ce za ki gyara mutane

Digiri ta gwada. Ta tara su, ta zana musu tsari ɗaya a allo. Mai sito ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, tun kina rarrafe nake samun kayana a bayan ƙofa." Direba ya tambaya ko za a raba lemo.

Masana sun tabbatar: inji ake saitawa, ɗan Adam sai dai a lallaba.

4. In an ce ki zaɓa, ki ƙi

Fayil ɗin saiti zai nemi adireshin rumbun, da kalmar sirri, da gurbi ɗaya tal da injin zai riƙa dubawa, alhali kowa da gurbin da yake rubutu a ciki. Nan tarkon yake. Ki ɗauki na Akanta, kayan mai sito su ɓace. Babban Injiniya zai riƙa giftawa da kofin shayi yana cewa, "Har yanzu dai, ƙanwata?"

Digiri ba ta zaɓa ba. Rumbun nan guda ta yi wa rajista sau uku, kowanne da gurbinsa, ta raɗa musu Sito, Direba, Akanta. Injin bai da wayon gane gida ɗaya yake shiga ta ƙofa uku.

Ki kuma kashe saitin da ke cewa sai kalma ta zo cif-cif. Oga da yatsa ɗaya yake rubutu, kuma yakan gaji a tsakiyar kalma.

5. Ranar gwaji, ki tsaya a baya ki harɗe hannu

Oga ya buga "gad", mai gemu ya fito. Ya buga lamba, ta fito. Daɗi ya kama shi.

"Bari mu ga ko ya san mutanena."

Ya buga "injiniya". Sito ya amsa: "Babban famfon ban ruwa, ƙarƙashin teburin Injiniya, yana ɗora ƙafa a kai."

Famfon da Oga ya yi ta faɗa a kansa ke nan, har ya sa aka canza makullan sito. Kowa ya waiwaya. Babban Injiniya ya janye ƙafafunsa a hankali.

"Ai na rubuta," in ji mai sito. "Ba a tambaye ni ba."

Kada ki yi dariya. Digiri ba ta yi ba, tabarau kawai ta gyara.

6. Jure nasara

An bar mata kujerarta. Yanzu firinta in ta cije takarda, Digiri. Wayar matar Oga in ta cika, Digiri. Har tukunyar dafa shayi an taɓa kawo mata.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da injinki ya tono, ko gaisuwar da aka daina amsa miki. In kuma ke ce mai ɗora ƙafa a kan kayan kamfani, ki sauke kafin ki fara mataki na ɗaya.